Ɗigo Ɗaya

Da hantsi Malam Jatau ya iso daga Kakuri,
kyanwa cikin kwandon cefane, an rufa mata tsohon zane.
Sunanta Kwalli, in ji shi,
saboda baƙin layin da Allah ya ja mata a gefen ido.

Ciki ya taso kamar tulu,
ƙashin baya kuwa sai ka ƙirga da yatsa.
"Na ɗauka juna biyu ne," ya ce,
"har na tanadi kwali a bayan ƙofa."
Likita bai tanka ba. Ya aske wuri kaɗan, ya soka allura,
ya miƙo mini sirinji ta taga.

Ni aikina ba da kyanwa ba ne,
da abin da ta bari a kwalba ne.

Ruwa rawaya, launin man gyaɗa,
yana yauƙi kamar an kaɗa kuɓewa.
Na san wannan yauƙin. Da ma ban san shi ba.

Na cika bututun gilashi da tataccen ruwa,
na ɗiga masa tsami, na girgiza.
Aka ɗauke wuta, fanka ta yi shiru,
na matsa jikin taga neman haske.

Ƙa'idar ba wuya:
in ɗigon ya narke ya ɓace,
a nemi laifin wajen zuciya ko hanta.
In kuwa ya riƙe kansa, to.

Na saki ɗigo ɗaya.
Bai narke ba.
Ya rataye da siririn zare,
ya buɗe kamar laima,
ya gangara a hankali
irin saukar wanda ya san dole a jira shi.

A ƙarƙashin madubi na duba, na sake dubawa.
Ɓarawon ya yi wa idon na'urata ƙanƙanta,
sawunsa kawai nake gani.
Baƙo ne da ke kwana a hanjin kyanwoyi da dama,
bai taɓa kowa ba,
sai rana ɗaya ya sauya hali,
ya sa rigar masu gadin jini, ya zaga gidan da ita.

A takarda ban rubuta "tabbas" ba.
Na rubuta "zato mai ƙarfi",
na sa ragowar ruwan cikin ƙanƙara, motar Zariya za ta kai.

Yana kan benci, hula a gwiwa.
"'Yata, me kwalba ta ce?"
Na ce kwalba ta fara magana, ba ta gama ba.
Na ce akwai magani, amma da tsada, kuma da tsawon kwanaki.
Ya sa hannu cikin kwando.
"Tun da aka rufe masaƙa," ya ce,
"ita ce ke tashe ni da asuba."

Da la'asar ina wanke kayan aiki,
ɗigon na nan a gindin bututu, bai watse ba.
Shi na bari ƙarshe.