Kwalba Ɗaya

Tun ranar da kabu-kabu ya kayar da ni a kwanar Bagalam
kome nawa ya zama biyu.
Ƙofa biyu. Barira biyu, ɗauke da buta biyu.
Ni da akuya guda gare ni
na wayi gari da garke.

Man gyaɗa nake sayarwa.
Shekara goma sha tara ina ɗura kwalba ba mazurari,
ɗigo bai taɓa kuɓuce mini ba.
Ran nan na tsiyaya lita cif
a bakin kwalbar da babu ita.
Ƙasa ta sha, kaji suka taru.

Idon hagu ya juya ya dubi hanci, ya ƙi dawowa.
Yaran layi suka ce harara-garke.
Mai ciniki ya ce, "Da ni kike, ko da na bayana?"
Na ɗaure shi da ƙyalle, na huta.

Lokotoro Harisu ya ce in bi alƙalaminsa da kallo.
Na dama ya bi.
Na hagu ya toge kamar jaki a bakin gulbi.
Ya ce igiya shida ke jan kowane ido,
ta wajen kunne ce ta mutu.
"Mu ba ta wata shida, ko ta farka."
Na ƙirga su, kasuwar Litinin, kasuwar Juma'a.
Ba ta farka ba.

Sai ya ce gayya za a yi mata:
ta sama da ta ƙasa, maƙwabtanta,
a matso da su su nome gonarta,
ta wajen hanci, mai ƙarfin ja, a sassauta ta.
Na sayar da akuyar. Ta gaskiyar.

Fitila, sanyin ɗaki, wata murya ta ce in ƙirga.
Na kai huɗu.

Da safe aka ɓare auduga.
Ido ja wur, kamar an zuba yashi.
Barira na tsaye bakin gado.
Ɗaya.
Na ce, "Ina 'yar'uwarki?"
Ta fashe da kuka, ni ina dariya.

Har yau in na saci kallo ta hagu
duniya takan rabu kaɗan.
Ya dai gaya mini, matacciya ba ta tashi.
Sai in juyo da kai ɗungum
kamar wadda babba ya kira.

Jiya na ɗura kwalba bakwai.
Da mazurari tukuna.
Hannu bai gama yarda ba.