Kunama a Takalmi

Nomau ɗan Arzika mai awon gyaɗa,
a Mokoyo aka yanke masa cibi,
shekarar da gulbi ya cinye gonakin taba.
Yaro ne marar surutu.
In ana tatsuniya, ba kura ke razana shi ba,
shirun nan ne da kakarsa ke yi
kafin ta ce, "Sai ga ta."

Da tsintsiya ya shiga silima,
yana share ɓawon rake da guntayen tikiti.
Daga baya aka haye da shi ɗakin na'ura,
inda ya bar kallon farin bango
ya koma kallon ƙeyar mutane.
"Ƙeya ba ta ƙarya," in ji shi,
"in ta sandare, ka kama su."

Jajayen awakin uwarsa bakwai ya sayar
ya sayi tsohuwar kamara mai tari.
Ni ce mai yanka masa fim,
shekara goma sha tara, almakashi da gam.

A fim ɗinsa na uku
kunama ta shige takalmi a bakin zaure.
Kowa ya gani. Mai takalmin bai gani ba.
Yana ciki yana cinikin buhuna,
yana shan fura, yana rantsuwa,
minti goma sha ɗaya cur.
Na ce, "Nomau, bari in rage."
Ya riƙe mini hannu:
"Cima, ƙara numfashi biyu."

Daren da aka haska shi,
wani direban Ɗan Isa ya haye benci
yana ihu, "Kakkaɓe, bawan Allah, kakkaɓe!"
Wata guda ba mai zura ƙafa a Maradi
bai buga takalmi da ƙasa ba.

Bai taɓa nuna jini ba.
Guga mai lilo a bakin rijiya, ba kowa kusa,
ya ishe shi.
Ba zan wanke shi ba kuwa:
sau arba'in ya sa Hasiya ta hau tsani
har kukan wasa ya zama na gaske,
ya ce, "Yauwa, wannan."
Ba ta ƙara gaishe shi ba har ta rasu.

Sai bidiyo ta shigo gidaje.
Silima ta koma rumbun siminti,
zafi ya narkar da faifan cikin gwangwani,
in ka buɗe, sai warin tsami.

Larabar da ta wuce na je duba shi.
Ya rame, idonsa kan ƙofa.
"Bar ta haka," ya ce, "rabi."
Na zauna, ba mu ce komai ba har la'asar.

Da na fito, ga takalmansa a bakin ɗaki,
wata biyu ba a sa su ba.
Na wuce.
Na dawo.
Na ɗauki na hagu, na kakkaɓe.
Rairayi kawai.

Daga ciki na ji dariyarsa ƙasa-ƙasa,
sannan ya ce, "Saura ɗayan."