Dutse Ɗaya Tal

Ruwa na zuba a Antwerp tun asuba,
irin ruwan nan marar hayaniya
da ke jiƙa mutum bai ankara ba.
Na fito daga tasha, na karya kwana,
layin masu lu'ulu'u na gabana,
kowace taga tana ƙifta mini ido
kamar ta san abin da ke raina.

A aljihuna akwai jan zare,
guntu, da ƙulli ɗaya a tsakiya.
Daren Talata na auna yatsar Liesbet
tana barci a kujera, ko takalmi ba ta cire ba.
Na riƙe numfashi kamar ɓarawo,
ni da ba ɗauka ce ta kawo ni ba.

Shagon Verhulst yana hawa na biyu:
ƙararrawa, ƙofa, sai wata ƙofar kuma.
Tsohon bai tambaye ni nawa na zo da shi ba.
Ya dai dubi baƙin da ke ƙarƙashin farcena,
man birkin taragon gari, shekara tara,
ya ce, "Ita fa,
me take yi da hannunta?"

Ungozoma ce, na ce.
Safar roba sau talatin a yini,
sabulu ya cinye mata laushin tafi.
Hannunta ke fara taɓa mutum
tun kafin uwarsa ta gan shi.

Ya gyaɗa kai, ya shimfiɗa baƙin ƙyalle,
ya jera duwatsu uku da hantsaki.
Na farko babba ne, fari fat,
haskensa har sokar ido yake.
Ya rubuta kuɗin a takarda, ya juyo mini.
Albashin wata bakwai.
Na yi tari, na dubi rufi.

Na biyu dogo, mai tsini biyu,
na tuna fatar jariri, na ture shi gefe.

Na uku bai kai ƙwayar barkono ba.
Verhulst ya miƙo mini gilashinsa,
na rufe ido ɗaya, na leƙa,
sai ga ɗaki cikin ɗaki cikin ɗaki,
kowanne da fitilarsa a kunne,
can a kusurwa kuma wani ɗan tabo
kamar gashin tsuntsu da ya faɗa rijiya.

"Aibi ne?" na ce.
"Haka ƙasa ta haife shi," in ji tsohon.
"Ko a cikin dubu ya ɓace,
da wannan za ka gane naka."

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Na ce wannan.
Shi kaɗai, kada a yi masa 'yan rakiya,
kada a ɗora shi bisa dogayen farata.
A binne shi ƙasa-ƙasa cikin farin zinare
yadda ba zai yaga safa ba,
yadda ba zai karci kowa ba.

Ya karɓi zaren, ya zura a sandar awo,
ya yi dariya har kafaɗarsa na rawa:
"Da kai nake aure ke nan?
Hannunka ya yi rawa, ɗana.
Wannan ai babban yatsa ne."
Muka rage, muka ƙiyasta, muka bar sauran ga sa'a.
In ya yi yawa, a dawo.

Mako biyu, ya ce. Na biya rabi.

Yanzu ina cikin tarago mai lamba goma,
wanda ni na gyara birkinsa jiya.
Rasiɗi na ninke a aljihun ƙirji,
zaren na naɗe a yatsata.
Liesbet ta aiko saƙo: tagwaye, zan yi dare,
ka sayo burodi.
Na karanta sau huɗu.
Har na wuce tashar gidanmu da biyu,
ruwan kuma bai tsaya ba.