Rabon da Ba a Rubuta Ba

Ranar da aka raba gadon Baba Ilu
ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida,
Sha'aibu ya samu gonar fadama,
Tasalla ta kora tumaki biyu,
ni aka miƙo mini injin ban-ruwa mai tari.
Ba wanda ya ambaci gwiwa.

Na tuna shi da asuba,
yana dafa bango kafin ya kai ga buta,
gwiwar dama ta taso kamar ƙullun alkaki,
da zafi kamar an ciro ta daga murhu.
Mutanen Gantsa suka ce sanyi ne.
Wanzami ya kafa ƙaho har sau tara.
A aljihunsa kullum da ƙullin gishiri,
yana lasa a ɓoye, muna yi masa dariya.

Ina da arba'in da ɗaya, tsakiyar kwamin albasa,
tawa ta ce ga ni nan.

A Birnin Kudu likita ta zuƙo ruwan da allura,
ta ɗiga a gilashi, ta ce, zo ka leƙa.
Na rufe ido ɗaya.
Ashe tsakuwa nake ɗauke da ita,
ƙanana, masu kusurwa,
suna ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba a rana.

Ta ce ƙodata kwando ce.
Akwai wani gishirin jiki, maganiziyam,
da take zubarwa tun ina goye,
in ya yi ƙasa, sai alli ya kwanta a gaɓa
yadda kanwa ke fitowa bakin tafkin da ya ƙafe.
Rabi daga uba, ta ce, rabi daga uwa.
Na yi shiru.
Inna da Baba 'ya'yan wa da ƙani ne.

Yanzu ƙwaya safe da dare,
wani lokaci ta tsinka mini ciki.
Hakama na barbaɗa riɗi a kan komai,
har a kunu.
Tahiyya kuwa sai a kan kujera.

Jiya da dare yatsun Hambali suka ƙage,
ya farka yana kuka, na murza su ɗaya ɗaya.
Shekararsa bakwai.
Da safe na tarar da shi a madafa,
hannu cikin gwangwanin gishiri.

Ban yi dariya ba.
Na ce ya nemo takalmansa,
motar Birnin Kudu ba ta jiran kowa.