Cefanen Farin Gada

Likita a Lamingo ya ce
jikin Nanret ya daina gane kansa,
masu gadin gida ke sarar jijiyoyin gida.

Tun daga ranar na koyi cefane.
Farin Gada, Asabar, da sanyin safiya:
kabeji, alayyahu, karas da ƙasarsa a jiki,
acca mudu biyu.
Tsiren Baba Ɗanjuma kuwa, sai dai mu wuce
mu shaƙi hayaƙin.

Ban ce gwate magani ne ba.
Allurarta na nan cikin firji,
kusa da kifi.

Amma jiya ita ta riƙe cokalinta,
sau ɗaya kawai hannun ya yi rawa.
Ta ce gishiri bai ji ba.
Na ce haka likita ya ce.
Ta harare ni, ta cinye.