Tiyo

Ranar da abin ya zo ina gonata ta Kadawa,
ina sakar wa albasa ruwa.
Sai na ji an aza mini buhun shinkafa a ƙirji,
babu mai saukewa.
Zafi ya bi hannun hagu, ya hau muƙamuƙi,
ga gumi mai sanyi, da tsakar rana kuwa.

Na ce, "Gyambon ciki ne, Talle, jiƙo kanwa."
Yaron ya ƙi.
Ya tare motar tumatir,
sai asibiti, ina kwance tsakanin kwanduna.

Likita ta ce, "Malam Shitu, kai manomi ne:
in laka ta toshe tiyo, ina labarin shuka?
Zuciya ma shayar da ita ake yi.
Da ka jira kanwa, da an yi fari."

Yanzu Lanti da yatsa biyu take ɗibar gishiri.
Bayan kunnena babu kan sigari.
Mai tsire yana gaishe ni daga nesa.
Ƙwaya bayan asuba,
awon jini in na shiga Kura,
tattaki har bakin madatsa.

Jiya na tsuguna wanke tiyo.
Na daɗe ina wankewa.