Takardar Asali

A sakatariya, bayan azahar,
magatakarda ya ɗago ido daga fom:
"Malam Lamidi, ku 'yan ina ne?"
Na ce, nan.
Ya ce, "A'a, asali nake nufi."

Kakana ya sauka a tasha da adakar ƙarfe,
zamanin da dogo yake sabo.
Kwana uku ya ce zai yi.
Kabarinsa ya sha damina sittin a Sabon Gari.
Cibiyata tana gindin wani durumi
da aka sare aka kafa eriyar waya,
yanzu ta kanta ake gaisawa da Jidda.

A rumfata ta gyaran waya
gilashi yakan zo daga Sin cikin kwali,
ya ƙetare teku, ya kwana a Legas,
ba wanda ya tambaye shi sunan kakansa.
Batir ma haka. Caja ma haka.
Monsura ce kaɗai, 'yata,
da take neman gurbin karatu a Samaru,
tafiyar kwabo nawa a keke,
aka ce ta kawo shaida.

Bakinta Zazzaganci ne tsantsa.
Mun kai ta Offa biki sau ɗaya,
gwaggonninta suka yi ta dariya:
ga 'yar Hausawa ta zo.
Ta dawo gida, aka ce Bayarabiya.
Jemage dai, in ji ta,
tsuntsu ya ƙi, ɓera ya ƙi.

Da yamma na bi ta Ƙofar Doka.
Ganuwa ta zaizaye, awaki na hawa suna sauka,
wani ya ɗebi ƙasarta ya yi yaɓe.
Na tsaya ina kallo.
Ashe ba rushewa ta yi ba,
ƙaura ta yi,
ta koma cikin bakin biro.

Na ciro waya, na buɗe taswira.
Wani shuɗin ɗigo yana numfashi
tsakanin Kubanni da titin Kano,
yana cewa ga ka nan.
Shi bai nemi hatimi ba.

Gobe ƙarfe tara zan koma,
da hoton fasfo biyu, da rasit ɗin haraji,
da tsoho Ɗanlami mai faci
wanda ya ci tuwon sunana.
In takarda ta ƙi,
a tambaye shi.